Halilu Mai Fenti da Katin Kaska

Duk wanda ya taɓa bin bayan motar shanu a hanyar Shinkafi zuwa Gusau, da wuya a ce bai ga aikin Halilu ba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne yake zana zaki da dabino da jirgin sama a bayan manyan motoci, ya rubuta addu'ar da mai mota yake so a ƙasa. Rumfarsa tana bayan tashar mota a Kaura Namoda, kwano huɗu ne a kan itace, da gwangwanayen fenti jere a ƙasa, da wani benci da ya sha launi har ba a gane asalin katakonsa.

Mahaifinsa lebura ne a tashar jirgin ƙasa, lokacin da ake lodin gyaɗa. A can Halilu ya fara, yana kwaikwayon rubutun jikin taragu da gawayi a bangon gidansu, ana dukansa yana komawa. Bai wuce aji huɗu a firamare ba. Amma idan ya kalli abu sau ɗaya, hannunsa ya riƙe shi ke nan. Mutum ne dogo, mai ɗan doro saboda yawan sunkuyo, ba ya son hayaniya, kuma yana da wata ɗabi'a ta saƙale buroshi a bayan kunne ya manta, har ya shiga masallaci da shi.

Ni sunana Atiku, ma'aikacin lafiya ne a ƙaramar hukuma. Na san shi ne saboda shi yake rubuta mana kyallen sanarwa idan za a yi rigakafi. Abin da zan faɗa game da gidansa, daga bakinsa na ji, wani kuma daga bakin Zuwaira, ƙanwar matarsa.

Matarsa Zuhura mutuniyar Zurmi ce. Sun yi shekara ashirin da shida tare, suka haifi 'ya'ya biyar, biyu suka rayu: Faruk da yake tuƙi a Legas, da Nazifa da aka aurar a Katuru. Sana'ar Zuhura kiwon turke. Duk shekara takan ɗaure rago ɗaya ko biyu a tsakar gida, ta ciyar da su dusa da harawa da kowar wake har Babbar Sallah. Tana da tsabta ƙwarai a kan dabbobinta. Da hantsi takan zauna a kan 'yar kujera, ta kama kunnen rago, ta bi wuyansa da hammatarsa da ƙarƙashin jela, duk kaskar da ta samu ta ɓanɓaro ta, ta matse ta tsakanin faratan manyan yatsunta biyu har ta fashe, ta goge jinin a gefen zane. Haka ta ga uwarta tana yi, haka maƙwabtanta suke yi.

A daminar shekarar da abin ya faru, wani direba da Halilu yake wa aiki ya dawo daga kasuwar Shinkafi da tumaki. A cikinsu akwai wani farin rago mai baƙin kai, dogo, ramamme amma mai ƙashi. Halilu ya san irin wanda Zuhura take so ke nan, wanda za ta gina da hannunta. Ya saye shi ya ja shi gida da kansa. Ya ce mini da ta gan shi sai da ta zagaye shi sau biyu tana dariya, ta ce, "Malam, wanga ai kaska ta cinye shi. Bar min shi kwana uku." Ta kwashe yini biyu tana cire masa.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya kama ta, da ciwon kai da ciwon baya. Damina ce, kowane gida akwai mai kwance, don haka Halilu ya je kemis ya karɓo maganin zazzaɓin sauro. Kwana biyu babu sauƙi, aka ce taifot ne, aka yi mata allurai. A rana ta biyar ta fara haɓo. Zuwaira, wadda ta zo daga Zurmi jinya, ta ga jini a dasashinta, ta ga wurin da aka yi allura ya yi baƙi ya bazu kamar an buge ta. Suka kai ta asibiti, aka sa mata ruwa, aka ƙara mata jini leda biyu, ɗaya na Halilu ne. Ma'aikatan sun yi iya abin da suka sani. An tambaye shi ko ta yi tafiya, ko ta sha maganin gargajiya, ko tana da juna biyu. Babu wanda ya tambayi abin da take kiwo, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Ta rasu da la'asar a rana ta tara.

Bayan kwana huɗu Zuwaira ma ta kwanta da irin wannan zazzaɓi, ita ce take wanke tsummokaran jinin. Allah ya sa ita ta tashi. Mutane suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Halilu bai bi ko ɗaya ba. Ya ce kwana ne ya ƙare. Ragon kuwa ya yi ƙiba, lafiyarsa lau, Halilu ya ci gaba da ba shi dusa har Sallah, ya yanka ya rabar da naman sadaka da sunanta.

Bai sake aure ba. Ya rage karɓar aiki, ya koma yawan zama a rumfa yana kallon motoci. Shekara biyar haka.

Sai aka aiko mana takarda cewa wasu masu bincike daga wata jami'a za su zo su yi taron kwana uku a Kaura, a kan cututtukan da kaska take ɗaukowa daga dabba zuwa mutum. Shugabarsu, Dakta Rahina, ta kira ni a waya ta ce ba irin taron da muka saba ba ne. Ba za su zo su karanta mana takarda ba. Suna so mutanen wurin su zauna su tsara da kansu, su faɗi abin da ya fi damunsu da abin da ya kamata a fara yi. Ta ce in gayyato mahauta, da dillalan kara, da direbobin shanu, da masu kemis, da ungozomomi, da mata masu kiwo a gida, daga Kaura da Shinkafi da Zurmi. Da na ce mata fiye da rabinsu ba sa karatun boko, sai ta ce to in nemo mai zane, duk abin da aka faɗa a zana shi.

Na je wurin Halilu. Ya ce, "Malam Atiku, ni da nike zanen zaki, mi ya haɗa ni da taron likitoci?" Na ce hannunsa ake so, ba bakinsa ba. Ya yarda.

A wani ajin makaranta aka yi, lokacin hutu. Mutanen Zurmi ba su iso ba sai bayan azahar, don sai da suka jira aka tabbatar hanya ta yi lafiya. An manna manyan fararen takardu a bango, aka ba Halilu alƙaluma masu launi da bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya gwada su a bayan hannunsa ɗaya bayan ɗaya.

Aikin farko shi ne a ƙirƙiri mutum. Dakta Rahina ta ce a zana mahauci ɗaya, da direba ɗaya, da mace ɗaya mai kiwo, a ba kowa suna, a bi yininsa daga asuba zuwa magariba, a ga inda yake haɗuwa da dabba. Mutane suna faɗa, Halilu yana zanawa, ana ta raha, don mahaucin da ya zana ya yi kama da Sarkin Fawan da yake zaune a gaba. Da aka zo kan macen, wata dattijuwa daga Dauran mai suna Kulu ta ce, "Da hantsi tana cire ma ragonta kaska." Halilu ya zana mace a kan 'yar kujera, ta karkata kai, kunnen rago a hannunta. Bai tambayi kowa yadda ake zaman ba.

Dakta Rahina ta tsaya a gaban zanen ta ce, "Idan ta cire, yaya take yi da ita?" Matan suka haɗa faratansu suka nuna mata. Sai ta yi bayani a hankali. Ta ce akwai wani zazzaɓi da wata irin kaska take ɗauke da shi. Dabbar ba ta nuna alamar ciwo ko kaɗan. Amma idan kaskar ta ciji mutum, ko ya fasa ta da hannu jinin ya shiga wani ɗan rauni, bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi, da ciwon kai da na baya, kamar na sauro. Wasu su warke. Wasu kuma su fara haɓo, dasashi ya yi jini, wurin allura ya yi baƙi. Mai jinya ma yana iya ɗauka daga jinin.

Ina kusa da Halilu. Na ga ya mayar wa alƙalamin murfinsa, ya ajiye a kan taga, ya fita. Na ɗauka alwala ya tafi. Da na ga ya daɗe sai na bi shi, na same shi a tsugune a gindin wata bishiyar bedi a bayan ajin, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya.

Na ce, "Malam Halilu, lafiya?"

Ya ce, "Ni na kai mata shi. Da hannuna na ja shi har gida."

Ban fahimta ba sai da ya ba ni labarin, a tsugunen nan, bai ɗago ba. Na kira Dakta Rahina. Ta tsuguna ita ma, ta yi masa tambayoyi: kwana nawa tsakanin ragon da zazzaɓin, wa ya yi jinya, me ya sami mai jinyar. Da ya gama ya ce, "Likita, ki gaya min gaskiya. Shi ne?"

Ta ce, "Baba, ba a gwada jininta ba, don haka ba zan iya ce maka tabbas shi ne ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ya yi kama ƙwarai. Kuma ba ka da laifi. Abin da ba a taɓa faɗa maka ba, ba yadda za ka sani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a ba shi izini ya tafi gida. Na zaci ba zai dawo ba.

Washegari ya riga kowa zuwa. Ran nan aka zana hanyar marar lafiya, daga ranar da jiki ya fara zafi har inda abin ya ƙare. An ja dogon layi a bango, aka ce wanda yake da labari ya bayar.  Halilu ya ɗauki alƙalami ya fara: gida, kemis, gida, kemis, asibiti. A kan kowane wuri ya sa ɗigo adadin kwanakin. A ƙarshen layin ya zana makara. Sannan ya juyo ya ce, "Wagga hanyar mai ɗakina ce. Wuri biyar munka je. Ko'ina an tambaye ni wani abu. Ba inda anka tambaye ni ko tana kiwo." Wani mai kemis daga Shinkafi, Umar, ya ce shi shekara goma sha biyu yana sayar da magani bai taɓa yin wannan tambaya ba, kuma ba a taɓa ce masa ya yi ba.

Da yamma aka zo zaɓe. Halilu ya zana katuna, kowane da cutarsa: sauro, amai da gudawa, ƙyanda, tamowar yara, haihuwa, kaska. Aka shimfiɗa su a tabarma, aka ba kowa ƙwayar wake goma ya raba yadda ya ga dama. Kafin a fara Kulu ta ce katin bai cika ba. Ta ce, "Mu da ba mu iya zuwa gona, da ba mu iya kai mai naƙuda asibiti in rana ta faɗi, ina katinmu?" Aka sa Halilu ya zana hanya da itace a gicciye. Wannan katin ne ya fi kowane tara wake. Tamowa ta biyo, sai sauro. Kaska ta zo ta ƙarshe, da ƙwaya goma sha bakwai.

Na ga yadda Halilu ya raba nasa. Biyar ya sa wa kaska, uku wa hanya, biyu wa ƙyanda, wadda ita ta ɗauke masa 'ya'ya biyu. Ɗaya daga cikin masu binciken bai ji daɗin sakamakon ba, ya ce da an sani da ba a haɗa kaska da sauran ba. Dakta Rahina ta ce a rubuta shi yadda ya fito. Na tambayi Halilu ko ransa ya ɓaci. Ya ce, "Gaskiya sunka faɗi. Kowa da gawar da ya ɗauka."

A rana ta uku aka tsaya a kan kaska ita kaɗai: idan abu ɗaya ko biyu za a iya yi, wanne za a fara? Masu binciken sun zo da tunanin injin gwajin jini da wurin wankan dabbobi a kasuwa. Mutane ba su ƙi ba, amma dillalai suka ce sun ga irin wurin wankan nan an gina an bari, direbobi suka ce ba wanda zai sauke shanu ya jira layi. Abin da ya fi samun wake abu biyu ne ƙanana. Na ɗaya, a sanar da matan da suke cikin gida kada su fasa kaska da hannu. Na biyu, duk mai kemis da ma'aikacin asibiti ya riƙa tambayar mai zazzaɓi ko ya taɓa dabba ko jininta. Aka ce a yi kati guda da zai ɗauki duka biyun, a gwada shi kafin a buga.

Halilu ya zana kaska babba, ta cika kati, da ƙafafunta takwas da komai. Ranar kasuwa muka tafi Shinkafi ni da shi, muka riƙa nuna wa mutane ba tare da bayani ba, muna tambayar me suka gani. Wani ya ce gizo-gizo. Wata mai fura ta ce kunkuru. Wani dillali ya gane ta, amma ya ce, "Wagga kaskar Turawa ce, tamu ba ta kai haka ba." Halilu ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Ya zauna a kan wani buhu ya sake zane a nan take. Ya bar kaskar daidai girmanta, ya zana hannuwan mace biyu da lalle, faratan sun haɗu a kanta, ya ja jan layi a kai. A gefe ya zana hannu a cikin leda riƙe da hantsaki, da gwangwanin kananzir a ƙasa. Wannan kowa ya gane. Mai furar ta daɗe tana kallo, ta ce ita ma da safen nan ta yi.

An buga katin, an raba wa masu kemis da ungozomomi. Ba a buga da yawa ba. Aikin masu binciken na shekara ɗaya ne, ya ƙare, rahotonsu ya tafi inda ake kai rahoto. Injin gwajin bai zo ba har yau. Ƙauyuka da dama na Zurmi ba mu iya kai katin ba saboda hanya. Umar mai kemis ya ce mini sau biyu tambayar ta sa ya tura mutum asibiti da wuri. Ko cutar ce, ko ba ita ba, ba mu sani ba.

Halilu bai jira kowa ba. Ya ɗauki kati ɗaya ya tafi Katuru wurin Nazifa, wadda ita ma tana turke kamar uwarta. Ya kai mata hantsaki da ya sa maƙeri ya ƙera. Zuwaira ta ce mini ya nuna wa 'yar yadda za ta yi, ya sa ta maimaita a gabansa, amma bai faɗa mata dalilin ba. Ya ce wa Zuwaira ba zai iya kallon idon yarinyar ya ce mata ragon da ya kawo ne ba. Zuwaira ta ce masa ai ita ma ba ta ga laifinsa ba, ya ce ya sani, amma ta bar maganar a tsakaninsu.

Daga nan duk direban shanun da ya kawo masa mota, sai ya roƙe shi wani ɗan lungu a ƙofar baya ya zana hannuwan nan. Wasu sun yarda, wasu sun ce zai ɓata musu ado. Bai yi musu da kowa ba.

Yanar ido ta fara kama shi a shekarar da ta biyo. Layinsa ya soma karkacewa, masu motoci suka koma wurin masu buga hoton leda na mannawa da inji. Nakan biya ta rumfar in na taso aiki. Kusan duk zuwa sai ya yi mini tambaya ɗaya, ya sauya mata fuska. Ko an samu wata hanya ta gane cutar bayan shekaru? Ko jinin Zuwaira zai nuna, tunda ita ta tashi? Na tambayi Dakta Rahina a waya, ta ce mai yiwuwa ne jinin Zuwaira ya nuna alama, amma sai an kai shi nesa, kuma ko ya nuna ba zai tabbatar da na Zuhura ba. Na faɗa masa haka. Ya ce, "To a bar Zuwaira ta huta. Ta sha allura ya isa."

Ya rasu a farkon damina, bayan jinyar mako biyu ta hawan jini, a ɗakin da matarsa ta yi jinya. Faruk bai iso daga Legas ba sai washegari. Direbobi da yawa sun zo jana'iza, sun jera motocinsu a bakin hanya suka taka da ƙafa zuwa maƙabarta. Bayan sadakar uku Nazifa ta tare ni a zaure, ta gaishe ni, ta ce ta ji ni ne na kai babanta taron nan. Ta ce tun daga lokacin ya canja, ya riƙa yawan zuwa Katuru, ya zauna yana kallonta tana ba dabbobi abinci. Ta tambaye ni ko wani abu ya faru a can.

Na ce mata ya yi aiki mai kyau, kowa ya yaba. Ta ce ta gode, ta koma ciki.